Gonar Muntaka

Muntaka manomi ne a wani ƙauye gefen Minjibir. Da an gama girbi yakan bar wa 'yan ƙwallon ƙauyen gonarsa, shi da kansa yake zana layi da toka.

Shekarar da hatsi ya yi tsada aka shigar da yaran manyan kulob na birni gasar ƙauyuka. Musu ya kaure, wasu na cewa ci gaba ne, wasu na cewa za a murƙushe 'yan gida. Muntaka bai tofa ba sai da ya ji gasar za ta zarce har damina.

Ya ce, "Ku yi ta musunku. Iyalina gero suke ci."

Ruwan farko na sauka ya yi shuka. Sandunan raga ne kaɗai ya kasa cirewa, har yau duma ke hawansu.