Jan kwano da ƙafar da na bari a Kafanchan

Wata bakwai ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu cewa na mutu, ku yi haƙuri, ƙafa ɗaya kawai aka binne.

Abin ya fara da kumburi a ƙwaurina na hagu, sai zazzaɓi, sai ruwa mai wari. Na ce wa kowa ƙaya ce ta soke ni a gonar citta. Ƙarya nake yi.

Ina ɗan shekara goma sha uku aka yi rikici a ƙauyenmu. Manya suka ba mu bindigar toka, suka ce mu tsare bakin rafi. Na harba, an harbe ni a ƙwaurin nan. Ba a kai ni asibiti ba, don kada 'yan sanda su tambayi wanda ya ba yaro bindiga. Aka shafa ganye aka ɗaure, dalmar harsashin tana ciki.

A wurinmu, wanda ya zubar da jini ba ya sa hannu a kwano ɗaya da mutane sai dattawa sun wanke shi. Sun wanke manya. Mu kuwa suka ce ai yara ba su je yaƙi ba, me za a wanke? Amma Mama ta sani. Ta saya mini jan kwano. Shekara goma sha ɗaya ina ci ni kaɗai.

A asibitin Kafanchan aka ɗauki hoto, aka ɗibi jini. Likita ya ce, "Ƙashin ya ruɓe. Da an kawo ka tun lokacin, ƙaramin aiki ne." Suka yanke daga ƙasan gwiwa. Cittar bana duk ta tafi a nan. Na ji tsoro, na yi kuka kamar jariri.

Kawuna, wanda ya sa mini bindigar a hannu, ya zo dubiya da Littafi Mai Tsarki. Ya ce, "Bitrus, jinin mutane ne yana kama ka. Ka tuba." Da ina da ƙafar tashi, da na shaƙe shi.

Mama tana kawo tuwon acca a jan kwanon nan. A gadon kusa da ni akwai Alhaji Sani, mai sayen citta, yana jinyar ciwon suga. Ya tambayi dalilin kwanon, na faɗa masa komai, ina jiran tsinuwa. Sai ya wanke hannu ya sa a tuwona.

Mama ta yi ihu: "Alhaji, kwano nan ba shi da kyau!"

Ya ce, "Ƙanena a rikicin nan ya mutu, Mama. Ban ce na yafe ba. Amma ba yaro ne ya sayo bindigar ba."

Yanzu ciwon ya warke, ina tafiya da sanduna. Duk Alhamis muna zama da wata nas, mu shida da aka ba bindiga muna yara, muna faɗin abin da aka hana mu faɗa. Na gode mata, na gode wa likita, na gode wa Alhaji.

Idan akwai dalma a jikin ɗanku, ku kai shi asibiti yau, ko wa zai ji kunya. Ku bar shi ya yi magana. Ku ci abinci da shi.

Jiya na koma gida. Mama ta rungume ni, ta yi kuka, ta gode wa Yesu. Sannan ta zuba mini tuwo a jan kwano.