Tagar da Hamdiya ta zana

Hamdiya 'yar Balkisa, haihuwar Minguettes can gefen Lyon, zane ne sana'arta, amma ba ta zana mutum. A fim ɗin zane na yara da ake nunawa a tele, wasu ke yin kyanwa da yaron da ke bin ta. Ita nata bango ne da sama da titin da suke gudu a kai. Uwarta ta daɗe tana mitar an sha karatu an ƙare a fenti.

A Paris ta koya, wajen Madam Terumi, wata 'yar Japan da ta yi furfura tana zana gajimare. Dokar tsohuwar ɗaya ce: je ki zauna gaban wuri, abin da idonki ya gani ki sa, ko tsumma kada ki rage.

Da aka buƙaci unguwar dogayen benaye, Hamdiya ta koma gida ta zana nasu, har da lambar ƙofa. A can sama akwai ɗakin da masu gidan suka rufe, kowa ya ɗauka kango ne. Nan Kawu Salisu, ƙanen uwarta, yake ɓoye, don ba shi da takardun zama. Ranar kuwa ya shanya dardumar sallarsa a taga. Hannu ya saba, ta sa dardumar a zanen.

Sai da aikin ya bar hannunta ta tuna. Ta roƙi Madam a goge, aka ce an riga an haɗa fim. Ga jikokin mai gadin benen ba sa tashi daga gaban tele.

Balkisa ta ji, ta dube ta sama da ƙasa. "Ɗan'uwan nawa kika kai tele? Ai da kin kira polis kin huta da ɓarnar fenti."

Daga nan ko takun maƙwabci aka ji a matakala sai gidan ya yi tsit. Kawu bai jira ba. Ya cusa kayansa a leda ya hau motar Paris, ya ce yana da mutane a unguwar Barbès.

Aka nuna fim. Tagar ta wuce kamar ƙiftawar ido, a bayan kyanwa, ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa. Hamdiya ta kira Kawu don ta ce ya dawo, wayar ba ta shiga ba, washegari ma haka. Har yau tana zanenta, kuma duk sanda aiki ya kai ta Paris sai ta ratsa kasuwar Barbès a hankali, tana leƙen fuskokin maza.