Muryar da Idrisu Ya Fitar Daga Cikin Laya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Labarin mutuwa a hankali ake faɗarsa, amma ni sai da aka ɗaga mini murya. Ina zaune a rumfata a Tudun Fulani da hantsi, ina gyaran gindin wani bokiti, sai Madam Rifkatu mai sayar da abinci ta tsaya a kaina. Na ga bakinta yana motsi, ban ji komai ba. Ta sunkuyo daidai kunnena ta ce da ƙarfi, "Baba Maƙeri, Idrisu ya rasu." Duk layin ya ji. Na ajiye guduma, kuma har yau hannuna bai koma kanta da daɗi ba.

Idrisu mai gyaran kwamfuta ne, mutumin Garatu, bango ɗaya ya raba shagonsa da rumfata. Ciwon ciki ne ya kwantar da shi 'yan kwanaki, shi ke nan. Ni ban yi boko ba. Faɗa nake yi ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana. A wurin zaman makoki na ga masu yabonsa da yawa, har da waɗanda suke ɗauke kayansu daga shagonsa suna cewa ya cika nawa. Ban tanka musu ba saboda darajar mamaci, amma na san fuskokinsu.

Aikina dukan ƙarfe ne, shi na gada wurin mahaifina da ya zo Minna da jirgin ƙasa. Duk wanda ya kama shagon nan kafin Idrisu sai da muka yi rigima a kan ƙarar guduma. Shi bai taɓa ɗaga maganar ba. In ƙarar ta ishe shi, sai ya leƙo ya ce, "Baba, sannu da aiki," ya ja ƙofarsa. Na daɗe ina jiran ranar da zai nuna halinsa, ban gan ta ba.

Abin da ya haɗa mu shi ne muryar uwar 'ya'yana, wadda yara suke kira Inna. Tana da wata ƙaramar waya mai madannai, wadda ta lalace bayan rasuwarta. Babban ɗana ya zare memorin ya sa a kwamfutarsa, ya ce akwai wata murya da aka ɗauka a ciki, amma ta ƙi buɗuwa, wai kwamfutar ba ta san irin fayil ɗin ba. Na ce to a nemo wadda ta sani. Ya ce zai duba. Har yau yana dubawa.

Na ɗauki memorin da kaina na shiga kasuwa wurin masu tura waƙoƙi a waya. Wani ya canza wa abin suna, ya ce yanzu ya zama em-fi-tiri, irin na waƙoƙi, ya danna, shiru. Wani ya ce memorin ne ya kamu da cuta, a bari ya wanke shi tas. Na tambaye shi ko muryar za ta tsira. Ya ce a'a, amma memorin zai dawo sabo. Na fizge abina. Daga nan wurin baduku na nufa, na sa ya naɗe shi a takarda ya ɗinke cikin fata kamar laya, na rataya a wuyana. Na ce tun da ba su iya buɗewa ba, ba kuma za su kashe ba. 'Ya'yana suka yi ta dariya, har suka ba surukaina labari. Wannan ban manta ba.

Haka na yi shekaru da shi a ƙirjina. Sai kunnuwana suka fara tafiya. A asibiti aka ce guduma ce ta ci su, kuma ba dawowa za su yi ba, gaba za su yi. Na zauna na yi tunani: in na ƙara jinkiri, ko an buɗe abin nan ba ni zan ji ba.

Na shiga shagon Idrisu na cire layar na ajiye a teburinsa, na ba shi labari, ina jiran ya yi dariya in kwashe abina in fita. Bai yi ba. Ya ɗauko reza ya bi ɗinkin zare bayan zare, kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri. Da memorin ya fito, sai ya ce, "Badukun nan ya iya aiki, Baba. Gumi bai shiga ba."

Kafin ya taɓa komai sai da ya kwafe abin ya ajiye a gefe. Na ce ɓata lokaci yake yi. Ya ce, "Baba, ba na gwaji a kan abin da babu na biyunsa." Wannan maganarsa ce ta kullum, na ji ya faɗa wa ɗalibai masu zuwa da aikin makaranta a birkice. Ya danna, kwamfutar ta fito da wani rubutu. Na ce me take cewa. Ya ce tana tambaya ne da me za ta buɗe. Na ce injin da ake ta yabo shi ne yake tambayarmu? Ya ce, "Muryar ba ta mutu ba, Baba. Yarensu ne ba ɗaya ba da kwamfutar. Tafinta za mu nemo."

Ya bayyana mini cewa ƙananan wayoyin nan da irin tasu hanyar ajiye murya, kuma wancan na kasuwa suna kawai ya canza, cikin yana nan yadda yake, sai ma ya ƙara ruɗa kwamfutar. Ya binciko ainihin irinsa, ya mayar masa da sunansa na asali. Yana cikin sauko da wata manhaja mai jin yare da yawa, masu wuta suka ɗauke. Na zage su yadda ya kamata. Shi ya ce in dawo gobe. Washegari ma suka ɗauke, ya aro janareta.

Da ta buɗu, shi ne ya fara sa abin ji a kunnensa don ya gwada. Na ga ya cire shi da sauri. Ya ce, "Muryar mace ce, Baba. Wannan ba nawa ba ne." Ya sa mini a kunne, ya ƙure ƙarar, ya fita waje ya ja ƙofa. Yana tsaye a rana yana mayar da masu zuwa har na gama.

Ashe ba da niyya Inna ta ɗauka ba, wayar ce ta dannu a ƙugunta. Ga ƙarar turmi, ga kaji. Sai na ji muryata daga nesa ina cewa miya ba gishiri. Ta ce, "To Malam, ka zo ka dafa mana." Sannan ta rage murya ta ce wa wata, "Bar shi, ya cinye fa. Har da suɗi." Ta yi dariya. Iyakarsa ke nan. Miyar ba gishiri, a kan wannan ina nan a kan bakana. Amma na daɗe a kujerar nan ban tashi ba, kuma da na fito Idrisu bai dubi idona ba, sai ya kama zancen janareta.

Ya juya muryar zuwa irin wadda kowace na'ura take ji, ya sa mini a ƙaramar rediyo mai cin memori. Da yake ba na karatu, sai ya ɗauki tasa muryar ya sa a farko: "Baba, Idrisu ne. Danna na dama, Inna tana nan." Na yi ta yi masa faɗa a kan haka. Na ce kullum sai na bi ta kanka kafin in isa wurin matata? Ya ce zai cire. Kowane mako sai na tuna masa, sai ya ce, "In sha Allahu, Baba, bari in gama wannan." Bai cire ba. A nan kam masu cewa yana da nawa suna da gaskiya.

Ranar sadakar bakwai Madam Rifkatu ta faɗa mini a kunne da ƙarfi cewa matarsa, Maman Fati, ta binciki wayarsa kaf, muryoyin mutane ne fal suna neman a gyara musu kaya, tasa babu. Na koma gida na ɗauko rediyon. Na ce mata, "Ga shi. Kada ki danna na dama, can nawa ne." Ta kunna. Ni yanzu ba na jin komai daga cikinta ko na manna ta a kunne. Na ji rabona tun da sauran ji, kuma Idrisu ne sanadi. Fuskarta kawai nake kallo. Ta sake kunnawa, ta jawo Fati kusa, ta sake. Na bar musu na taho.

Ya Allah, ka jiƙan Idrisu, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya kawar da kunnensa daga abin da ba nasa ba, ka kawar da shi daga azaba. Ka ba Maman Fati haƙuri, ka raya abin da ya bari, ka haɗa su da masu riƙon amana. Ka jiƙan uwar 'ya'yana. Mu da muka rage muna jan ƙafa, ka sa mu cika da imani. Amin.