Daren da Kaka ta zuba wa wutarmu ruwa

Da damina mukan bar Ibohamane mu koma tungar gona, gida biyu rak: namu da na Baffa, ƙanen Baba. Bayan isha'i Kaka, uwar su biyun, takan tara mu a bakin murhu ta yi mana tatsuniya. Itace uku take sawa, ba ƙari, domin ta san nisan tudun da mata ke hawa kafin su samo shi. In ka miƙa hannu za ka ƙara, sai ka ji muciya a bayan hannu. Ni na fi kowa shan ta, don tun ina ƙarama ba ni da haƙuri.

A shekarar da nake faɗi, Baba da Baffa ba sa ga maciji. Baffa ya sassare rassan gawon da ke kan iyakar gonakinsu ya ba awakinsa, Baba kuma ya rantse ba mai taka gidan Baffa daga gidansa. Wata biyu ko sallama ba su yi ba. Abin yana cin Kaka, har tuwo ta rage ci.

Ran nan Baba yana gefe yana gyaran ƙotar hauya, ta ce, "Ga ta nan, ku buɗe kunne, har da manya." Ta ce a wani gari kowa na kashe wutarsa da dare, da safe a je gidan da aka bar garwashi a ɗebo, a gaisa, a ji yadda aka kwana. Sai wani mai girman kai ya ce shi ya gama roƙon wuta. Ya riƙa hura tasa dare da rana. Ya sare itatuwan gonarsa kaf, iska ta kwashe ƙasar, bai damu ba, tunda hayaƙi na tashi a gidansa. Wata rana ciwo ya kayar da shi, ga wani ƙaton kututture yana ci a murhu. Mutane suna hango hayaƙi suna cewa ai lafiya yake. Sai bayan kwana uku hayaƙin ya ɗauke, aka shiga aka tarar rai ya yi halinsa.

Na ce, "Kaka, shi ke nan? Ba Gizo?"

Ta ce, "Ba Gizo, ɗiyata. Miƙo mini tulun can."

Ta tuttule ruwan a kan garwashin, ta jefa kwalin ashanarmu ɗaya tilo a cikin laka. Duhu ya rufe mu. Lokacin uwata na jego. Daga cikin duhun Kaka ta ce wa Baba, "Gobe jaririyarka na son ruwan zahi. Ka hana kowa tahiya gidan ƙanenka, to, ni ban hana ka ba."

Da asuba na laɓe a bayan rumbu, don gulma ba ta bar ni barci ba. Na ga Baba, babban mutum da gemu, riƙe da katangar fasasshiyar tukunya ta ɗibar wuta, yana tsaye a ƙofar Baffa. Ya daɗe kafin ya yi sallama. Baffa ya fito, ya dubi katangar, ya ce, "Yaya, ina kwana?" Da hannunsa ya zuba masa garwashin, ya rako shi har gida yana tare masa iska da rigarsa. Wallahi kuka na yi, ban ma san dalili ba a lokacin.

Yanzu ina Bouza, muna da kuran, wato lantarki, ɗaki ko wane da ampul, ƙwan fitila. Bara 'yata ta dawo daga lakkol, makarantar boko, ta ce mushensu, wato malaminsu, ya ce kowane gida ya kashe fitilu na awa guda, don a nuna an damu da lafiyar ƙasa. Maigidana ya yi dariya, wai me ampul huɗu za su gyara a duniya. Na ce masa ya bar yarinya ta kashe, kuma har gobe duk Juma'a muna yi. Ban san lissafin masana ba, amma ba wanda zai ce mini kashe wuta ɗaya ba ya gyara komai, don na gani da idona. Shekara uku bayan waccan safiya Baba ya rasu. Baffa ne ya yi masa wanka, shi ya sa shi a kabari.