Tulun da Baba ya ba ni ajiya

Babanmu manomin shinkafa ne a fadamar Kalgo. Irin da yake shukawa wajen kakanmu ya gaje shi, wata jar shinkafa mai dogon kara, wadda in ruwa na tashi ita ma sai ta bi shi tana tashi. Ni kaɗai ce cikin 'ya'yansa na yi aure a kan tudu, a Gwandu, shi ya sa ranar da aka kai ni ya haɗo ni da wani ɗan tulu cike da irin, an barbaɗa toka an liƙe bakin da laka. Ya ce in ajiye masa inda gulbi ba ya kai wa. Duk bayan kaka sai ya zo ya juye tsohon ya zuba sabo, mu kuwa muna yi masa dariya a bayan ido.

Shekara ta shida, ana tsakiyar damina, abinci ya yi wuya. Sai ga dangin mijina daga Maruda, mata har bakwai, ba ko aike. A gidan babu komai sai guntun dawa. Ni kuwa a lokacin akwai son a yaba, wallahi ban iya jin kunya gaban dangin miji. Na tsaya ina kallon tulun nan a bayan gado, na ce ai rumbun Baba cike yake, in kaka ta yi sai in faɗa masa. Na fasa lakar, na surfa, na tuƙa tuwo da miyar kuka. Suka ci suna santi, suna tambayar inda na samo shinkafa mai ƙamshi haka. Har wani daɗi na ji, kaicona.

Ba a yi sati uku ba ruwa ya ci fadamar Kalgo. Kwana biyar ba a ga ko hadari ba, shi ya sa ba wanda ya kwashe komai, don mutanenmu sama suke dubawa. Daga baya aka ce wai can nesa aka saki ruwan daga wata madatsa. Shinkafar Baba ta iya bin ruwa mai tashi a hankali, wannan kuwa yini ɗaya ya shanye ta. Ruwan ya shiga unguwar su Baba, rumbunsa ya jiƙe ya zauna, abin da ke ciki ya ruɓe. Rai dai bai salwanta ba a gidanmu, muka gode wa Allah.

Da hanya ta buɗe sai ga Baba da hantsi, ƙafafunsa duk taɓo, rigar jikinsa ma ta aro ce. Abin da ya fi kashe ni, fuskarsa a sake take. Ya sha ruwa, ya ba ni labarin asarar kamar ta wani ce, yana cewa kada in damu, tiya huɗun da ke cikin tulun ta isa a tayar da iri cikin shekara biyu. Sannan ya ce:

"Ɗiyata, ɗauko min ajiyata."

Na shiga ɗaki na daɗe a tsaye. Na fito da tulun na ajiye gabansa. Ya sa hannu biyu zai ɗaga da ƙarfi, irin yadda ya saba, tulun ya taho masa ba nauyi. Ya leƙa ciki. Ya zura hannu ya shafo gindin, ya fito da toka da ƙwaya uku ko huɗu. Nan na fashe da kuka na faɗa masa komai, har da santin da aka yi.

Da ma ya zage ni, da na samu sauƙi. Ya daɗe yana juya ƙwayoyin a tafinsa, sannan ya ce:

"Sun dai ƙoshi ko?"

Na ce sun ƙoshi. Ya ce to madalla. Ya ƙulle ƙwayoyin a bakin rawaninsa, ya ƙi tsayawa cin abinci, wai yana son ya sami motar Kalgo.

Ya shuka su a wani kasko a tsakar gida, ko ɗaya ba ta fito ba. Ya ci gaba da noma da irin da maƙwabta suka sam masa, bai taɓa tayar min da zancen ba har ya rasu. Bayan kowace kaka yana zuwa Gwandu ya gaishe ni kamar da, amma bai sake kawo min ajiya ba.