Wadda Take Amsa Sunan Autarmu

Ranar da aka ba da hutun ƙarshen zango ina tsakar gida ina wanke-wanke, sai na ji an yi sallama ƙasa-ƙasa a zaure. Kafin in fita, mai sallamar ta ajiye wani abu a bakin ƙofa ta ruga. Bayanta kawai na hango, yarinya ce da yunifom ɗin firamaren unguwarmu.

Katin sakamako ne. Sunan Autarmu a kai, har da sunan Baba, aji uku. Ta zo ta goma sha bakwai. Wajen zuwa makaranta an rubuta ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba. A ƙasa kuma malamin aji ya ce yarinya ce mai ladabi, ba ta surutu.

Na waiwaya. Auta tana bayana a kan tabarma tana ɓare gyaɗa, kuma tun da aka haife ta ba ta taɓa shiga aji ba.

Shan inna ya kama ƙafafunta tun tana ƙarama. Da hannu take tafiya, silifas ɗinta ma a hannu take sa su. Shekara uku kafin wannan rana Umma ta goya ta ta kai ta makarantar, hedimasta ya rubuta sunanta, ya ce a koma gida tukuna, in an yi gangarar siminti a ƙofar aji za a aiko. An yi gangarar, muna ganinta in za mu kasuwa, awaki na kwanciya a kai. Ba a aiko ba. Umma ta koma sau biyu, aka ce saura ban-ɗaki. Daga nan ni na zama makarantarta. Ni ba wata malama ba ce, sakandare kawai na gama, amma akwai ni da tone-tone a waya, duk abin da na gani na koyar da yara sai na gwada a kanta, da gawayi a jikin bango.

Auta ta karɓi katin ta karanta da kanta, a hankali, yatsa a kan layi. Ta ɗago ta ce, "Yaya, wace ce take zuwar mini?"

Na ce kuskure ne aka yi.

Ta ce, "Tana da ƙoƙari kuwa."

Umma ta ce a'uzu billahi, ta ƙwace katin ta tura ƙarƙashin katifa.

Da aka koma makaranta na tare yarinyar da ta kawo katin a bakin famfo. 'Yar sababbin maƙwabtanmu ce, daga Ibeto suka taso, Hausarta ma da sauran karin Kambari. Da ƙyar ta tsaya. Ta ce a ajinsu akwai wuri a ƙarshen bencin gaba, dab da ƙofa, ba mai zama, ba mai ɗora ko jaka. Wurin wata yarinya ce da ta mutu. Kullum da safe in malam ya kira sunanta dole wani ya amsa, in ba a amsa ba za ta bi mutum gida. Kuma duk wanda yake sabon shiga a ajin shi ake zaunarwa kusa da wurin, shi zai riƙa amsawa. Tun aji ɗaya haka ake yi, in an ci gaba wurin ma ya ci gaba da su. Da sabon malaminsu ya duba rajista ya ga adireshin na layinmu ne, ya ba ta katin ta kawo, ta ce kwana biyu ba ta iya cin abinci ba.

Na ce, "Ke, yarinyar nan tana raye. Ƙanwata ce."

Ta dube ni ta ce, "Ni dai haka 'yan ajinmu suke cewa." Ta bar bokitinta ta tafi.

Daga baya ne na haɗa zancen. Masu duba makarantu in sun zo suna tambaya ko akwai yara masu buƙata ta musamman, shi ya sa ba a goge sunan ba. Malamin aji ɗaya ne ya fara sa wata ta amsa, aka yi masa canjin makaranta, yara suka ci gaba da abinsu suka ƙara masa gishiri. Maki kuwa, malami ba ya son barin layi fanko, sai ya ba da na tsaka-tsaki ya wuce.

To ni lokacin jinina yana tafasa. Na karanta a waya cewa ƙasar nan tana da dokar da ta hana a ware mutum saboda nakasa, har da wajen karatu. Kai, ranar da na ga wannan ji na yi kamar in hau katanga in yi shela, mutane su sani! Na zauna na rubuta wasiƙa shafi biyu, na kai wa hedimasta ranar Alhamis.

Ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau. Ya ce, "'Yata, kin yi gaskiya, wannan ba daidai ba ne. Ranar Litinin za a sake rubuta rajista, zan sa a cire sunan. In an gama ban-ɗaki sai ku zo a yi sabon shiga."

Na fito na kama hanyar gida. Da wasiƙata na je na kashe ɗan abin da ya rage mata. Ga shi ta kusa shekara goma, wa zai karɓe ta aji ɗaya?

Umma ta saurare ni tana tankaɗe. Sai da ta gama ta ce, "Ke da takardunki. Gobe ki tashi da wuri."

Da sassafe ranar Juma'a ta sa wa Auta yunifom ɗin da aka ɗinka mata tun shekara uku, hannun rigar ya tsaya mata a gwiwar hannu. Muka hau keke napep. Mun isa duk yara suna fili an yi layi, ajujuwa ba kowa. A bakin gangara Auta ta ce a sauke ta. Ta sa silifas a hannu ta hau da kanta, ana jin tas, tas, tas a kan siminti, can nesa kuma yara na rera taken ƙasa.

Bencin gaba duk ya sha zane da tawada, an fafe shi da reza, amma ƙarshensa sumul yake kamar jiya aka fito da shi daga wurin kafinta. Ko ƙura babu. Ashe share shi suke yi. Umma ta ɗora ta a wurin, ta gyara mata hijabi, muka koma bayan taga muka tsaya.

Yara suka taho da gudu da hayaniya. Na gaba ya taka birki a bakin ƙofa, na baya suka yi karo da shi. Sai shiru. Ban taɓa jin yara sama da hamsin sun yi irin wannan shirun ba. Auta ba ta juyo ba, tana kallon allo, hannuwanta a kan cinya, silifas biyu a jere a ƙarƙashin benci inda ƙafa ya kamata ta kasance. Malam ne ya kora su ciki da tsawa. Suka riƙa raɓawa ta jikin bango. 'Yar maƙwabtanmu ta zauna a wurinta kusa da Auta, rabin jikinta a waje.

Malam sabo ne, bai gama sanin fuskoki ba, bai ma lura da komai ba. Ya buɗe rajista ya fara kira. Da ya zo kan sunan, na ga bakin yarinyar ya buɗe, amma murya ba ta fito ba. Ya sake kira.

Auta ta ce, "Ga ni, Malam."

Wata a baya ta ƙwalla ƙara. Malam ya yi alamarsa a littafi kamar kullum, sannan ya ɗago yana tambaya lafiya.

Ƙarar ce ta jawo hedimasta. Ya ga Umma, ya ga Auta, ya fara cewa, "Hajiya, ai mun yi magana da 'yarki..."

Umma ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba, amma an karanta mini. Littafinku ya ce shekara uku yarinyar nan ba ta yi fashi ba. To ba za ta fara yau ba. In kuma littafin ƙarya yake yi, sai mu je ofishin ilimi tare a gaya musu." Ta zaro katin daga cikin mayafi ta riƙe a ƙirji.

Ya daɗe yana kallon katin. Ya ce ban-ɗakin fa? Umma ta ce kullum ƙarfe goma za ta zo ta kai ta gida ta dawo da ita, har ranar da za su gama. Haka ta yi ta yi kusan shekara, iyayen wasu yara biyu masu nakasa suka gani suka kawo nasu, su ne ma suka matsa har aka gyara shi.

Sai da aka yi sati biyu kafin wani ya yarda ya karɓi biro daga hannun Auta. 'Yar maƙwabtanmu ce ta fara, ta ɗan taɓa ta da yatsa tukuna. A zangon farko Auta ta zo ta ashirin da huɗu, malam ya rubuta surutu ya yi yawa. Umma ta haɗa katin da wancan ta ajiye.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da ita. Jikinta zafi rau, na ce yau kam ba makaranta. Ta riƙo zanena ta ce, "Yaya, ki kai ni ko in amsa kawai mu dawo."

Na ce don Allah ki kwanta, rana ɗaya ce.

Ta ce, "In ban je ba, waccan mai amsa sunana za ta koma wurina."

Na goya ta muka tafi cikin yayyafi.