Amsar da Ta Kwana

Duk wanda ya girma a Tamaske ya san Maiguwa. Manomin albasa ne, gajere mai faɗin kafaɗa, lambunsa na fadama bayan gari. Ya tafi bida, wato ci-rani, kamar kowa, ya yi shekara huɗu a Abijan yana dako, ya dawo da rediyo da ciwon baya. Amma da wasan kwaikwayo aka san shi. Tun zamanin ƙungiyar matasa ta samariya, in an gama girbi an share filin makaranta, shi ne alhaji marowaci, shi ne alƙali mai gyangyaɗi, shi ne ɓarawon akuya. Bai yi boko ba, ba a taɓa rubuta masa magana ba. A ba shi labarin kawai, sauran ya san inda zai samo.

Wasan wancan lokaci da ƴan kallo ake yin sa. Mutum na cikin taro sai ya jefo magana, ɗan wasa ya cafe ya mayar, a yi dariya, a ci gaba. A nan Maiguwa ya yi suna, don shekara talatin ba a taɓa jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba. Wadda ta fi kowa gwada shi ita ce Gogo, taubashiyarsa, ɗiyar ƙanwar ubansa. Har yau ana tuna ranar da ya fito alhaji cikin rigar aro, ta ɗaga murya ta ce, "Alhaji, jakinka na can shina ci mini dawa!" Bai ko waiwaya ba ya ce, "Ƙyale shi, Gogo, labarin tuwonki ya ji, shi ya sa ya gwammace ta ɗanya." Mutane suka yi ta faɗuwa kan juna.

Daga baya bidiyo ta zo, salula ta biyo ta, abokan wasa suka yi ta rasuwa. Tasi'u, wanda ke fitowa dogarinsa, shi ne na ƙarshe. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya kira Maiguwa fili.

Sai bara, bayan an kwashe gero, Bashiru ɗan marigayi Tasi'u ya same shi a lambu. Bashiru ya zama babban mutum a Tawa, yana da ƙungiyar wasa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce wani furoje, shirin raya karkara, ya ba su aikin wasa a kan gyaran gonakin da suka mutu, za a fara daga Tamaske, a wuce Buza da Babankatami. Akwai tsoho mai taurin kai a ciki, wanda ya ƙi haƙa ramukan tare ruwa.

"Baba, ba wanda zai iya shi in ba ku ba."

Maiguwa ya yi kamar yana tunani, alhali zuciyarsa ta riga shi zuwa filin. Da yamma ya biya gidan Gogo ya ce mata ta wasa bakinta.

Ranar gwaji ya tarar da wasu baƙaƙen akwatuna biyu na ƙara sauti, kowane ya kai ƙofar rumbu, bafil suke ce musu. Bashiru ya taɓa na'urarsa, sai wata murya ta fito daga ciki tana rawa tana tari, muryar saurayi da ke kwaikwayon tsufa, da Hausar finafinai.

"Wane na wanga?" in ji Maiguwa.

"Ku ne, Baba. An ɗauki muryoyin duka a Tawa. Ku dai ku motsa baki daidai da ita."

"To ni ina tawa muryar?"

Bashiru ya sosa ƙeya. Ya ce mutanen furoje sun karanta maganganun sun sa hannu, ba a ƙari, ba a ragi. Ya ce haka ake yi ko'ina yanzu.

Maiguwa ya ji kamar ya tauna albasar da ta ruɓe a rudu, rumbun ajiyarta. Ya so ya ɗauki sandarsa, sai ya dubi goshin Bashiru ya ga na Tasi'u, ya zauna. Kwana uku yana buɗe baki yana rufewa. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne har dariyar ƴan kallo tana cikin akwatin. In muryar ta faɗi abin da ba ya ba kowa dariya, sai wasu mutane da ba su nan su fashe da ita.

Ranar wasa, bayan la'asar, aka girke kamiyo, babbar motar kaya, a filin makaranta aka buɗe bayansa. Kafin Maiguwa ya hau, Bashiru ya zo da dunƙulen auduga da wani ƙaro mai wari irin na masu liƙin taya.

"Yaro, ba ka ga gemu ga haɓata ba?"

"Naku ba shi fita ga kamera, Baba."

Aka liƙa auduga bisa furfurar gaskiya. Ya hau, warin na hawa masa kai. A gaba an jera wa baƙi kujeru, kowa da gorar ruwa, kowa kansa cikin salula. Gefensu ga Gogo bisa ƴar kujerarta, ta dogare da sanda, ta ci sabon kallabi.

Akwai wurare da muryoyin ke ɗan tsayawa don ƴan wasa su canja wuri. Gogo ta gane su tun da wuri. A na farko ta ce, "Maiguwa, wa ya ara maka muryar mai mura?" Na kusa da ita suka yi dariya, suka zuba masa ido suna jira. Amsa ta zo masa har bakin leɓe, sai akwatin ya riga shi, ya hau zancen taki.

A na biyu ta ce, "Magana kake ko tuƙa irin ta akuya?" Wannan karon dariyar ta kai bayan fili. Ya ci gaba da motsa baki, gumi na bin audugar yana shiga masa wuya.

A na uku ta miƙe da sandarta. "Wai kaza ta yi maka sheƙa ga haɓa, ko ko mi?"

Nan haƙurinsa ya ƙare. Ya tako bakin kamiyon, ya nuna ta da yatsa, ya buɗe murya iya ƙarfinsa ya mayar mata. Daidai lokacin akwatunan suka dawo da ƙarar da ke girgiza ƙirji, muryar saurayin na kuka tana cewa ta gane kurenta, za ta haƙa ramuka. Ko shi bai ji abin da ya faɗa ba. Mutane sun ga dai tsoho da gemun auduga yana wage baki yana nuna yatsa. Sai dariyar cikin akwati ta biyo, baƙin suka ɗago kai suka tafa.

Da ya sauko ya fizge audugar, ta taho da nasa gashin. Bashiru na cewa, "Baba, kun yi ƙoƙari, tashinku na ƙarshe ya yi kyau ƙwarai," ya tofar da yawu ya wuce.

Washegari da hantsi ya sami Gogo a tsakar gida tana tsince wake. Bai ko gama sallama ba ya ce, "Audugar da kika gani ta likkafaninki ce, gwada ta nike in ji ko ta yi laushi."

Ba ta yi dariya ba. Ta hure ƙaiƙayi daga faifai, ta ce, "Da jiya ta hito, da ta yi daɗi. Sau ukku na yi kira, Maiguwa. Amsar da ta kwana ko kare ba shi lasa."

Da motar Bashiru ta zo ɗaukarsa zuwa Buza, ya aika aka ce yana ban ruwa. An sami wani ya sa gemun, tunda murya na cikin akwati. Maiguwa bai sake hawa ko'ina ba. Gogo kuwa duk bikin da aka haɗu sai ta ba da labarin ranar da ta kira shi sau uku bai amsa ba. Yana da abin mayarwa, amma yakan dafa haɓarsa kawai, inda gashin bai gama tsirowa ba har yanzu.